Tsofaffin baburan tseren motokuros masu bugu huɗu: tambayoyin mai son saye da adanawa

Wane irin babur ake nufi, kuma me ya raba shi da na kan titi?

Motokuros tsere ne da ake yi a fili mai tudu da gangare, cikin laka ko ƙura, kuma a Ingila aka fare shi, inda aka gudanar da na farko a Camberley a 1924. Baburan da aka ƙera dominsa ba su da fitila, ba su da madubi, ba su da lambar titi, domin duk abin da ba ya ƙara gudu nauyi ne kawai. Kalmar bugu huɗu kuwa tana bayyana yadda injin ke aiki: fistin yana sauka ya shaƙi fetur da iska, ya hau ya matse su, ya sake sauka bayan wuta ta kama, sannan ya hau ya kori hayaƙi, bawul-bawul suna buɗewa da rufewa a kan lokaci. Wanda ya san bambancin tsohon Jincheng mai ƙona baƙin mai tare da fetur da kuma Bajaj Boxer ya riga ya san bambancin bugu biyu da bugu huɗu.

Me ya sa suka yi ƙaranci har ake rububinsu?

Saboda zamaninsu ya yanke kwatsam. Lokacin da gasar ajin 500cc ta zama ta duniya a 1957, masu bugu huɗu ne ke mulki: Bill Nilsson na Suwidin ya ci ta farko a kan AJS, René Baeten na Beljiyam ya ci a 1958 a kan FN, Sten Lundin ya ci a kan Monark a 1959 da Lito a 1961, Rolf Tibblin ya ci sau biyu a jere a kan Husqvarna, sannan Jeff Smith na Ingila ya kai BSA ga kambun a 1964 da 1965. Daga 1966 Paul Friedrichs na Jamus ta Gabas ya zo da CZ mai bugu biyu, wanda ya fi sauƙin nauyi da arha, ya riƙe kambun shekara uku. Mai bugu huɗu bai sake cin wannan gasa ba sai a 1993, lokacin da Jacky Martens ya yi nasara a kan Husqvarna, wato bayan shekara 28.

Da mahaya suka juya musu baya, kamfanoni suka daina ƙera su, waɗanda ke hannun mutane kuma aka ci gaba da wahalar da su har suka lalace. Babur ɗin tsere kayan aiki ne da ake cinyewa. Ba wanda ya ajiye shi a ɗaki a 1967 yana tunanin jikokinsa za su sayar da shi a gwanjo.

Waɗanne ne masu tarawa suka fi nema?

A can sama akwai Monark da Lito da Husqvarna 500 na ƙasar Suwidin, waɗanda aka ƙera kaɗan ƙwarai, yawanci domin mahayan kamfani, kuma da wuya a gan su a kasuwa. Daga Ingila akwai BSA Gold Star na tsere, da Victor Grand Prix mai 441cc wanda ya samo asali daga babur ɗin Jeff Smith, da Matchless G85CS, da BSA B50 MX na farkon shekarun 1970. Akwai kuma waɗanda ƙananan maƙera suka haɗa: 'yan'uwan nan biyu Don da Derek Rickman sun fito da Metisse a 1959, firam ɗinsu na bututun ƙarfe mai shafen nikel ana ɗora masa injin Triumph ko Matchless ko BSA, Eric Cheney ma ya yi suna da nasa firam. Da BSA ta rufe sashenta na tsere a 1971, Alan Clews ya sayi ragowar kayan ya kafa CCM a garin Bolton, ya ci gaba da fafatawa da masu bugu biyu kusan shi kaɗai.

Wanda ya fi burge ni shi ne Yamaha HL500. Torsten Hallman da Sten Lundin ne suka ɗauki injin XT500 suka ɗora a kan firam mara nauyi, daga farkon Hallman da Lundin aka samo haruffan HL, kuma Bengt Åberg ya ci zagaye ɗaya na gasar duniya a Luksamburg da shi a 1977, a lokacin da kowa ya ɗauka an gama da bugu huɗu. Kimanin 400 kawai aka haɗa domin sayarwa a 1978 da 1979.

Ta yaya mai saye zai gane na asali?

Nan ne kuɗi ke salwanta. Babur ɗin tsere ba ya da takardun rajista irin na titi, kuma a lokacin da yake aiki ana sauya masa inji idan ya fashe, ana yi wa firam walda idan ya tsage, ana ɗauko taya da tanki daga wani. Saboda haka babur mai shekara sittin da duk sassansa suka fito tare daga masana'anta abu ne mai wuyar samu, kuma duk wanda ya yi wannan iƙirari sai ya kawo hujja.

Ana farawa da lambar firam da lambar inji. A duba siffar haruffan da zurfinsu, a shafa wurin da yatsa a ji ko an goge ƙarfen an sake bugawa. Ƙungiyar masu tsofaffin babura ta Ingila, VMCC, tana riƙe da kundayen fitar da kaya na masana'antun BSA da Triumph, waɗanda ke nuna ranar da babur ya fita da dilan da aka kai wa, kuma ƙungiyoyin masu kowane samfuri suna taimakawa wajen tantancewa. Matsalar ita ce injin XT500 da na BSA na titi suna da yawa, don haka haɗa abin da ya yi kama da HL500 ko Victor Grand Prix ba wuya ba ne ga gwanin makanike. Idan kuma aka ce wani shahararren mahayi ne ya hau shi, a nemi tsofaffin hotuna, da rasit, da jerin waɗanda suka mallake shi ɗaya bayan ɗaya. Labarin baka ba ya isa, komai daɗinsa.

To, kwafi abin gudu ne?

A'a, muddin an faɗa cewa kwafi ne. Har yau ana ƙera sabon firam ɗin Metisse a Ingila, kuma ga mai son hawa, sabon bututu ya fi tsoho aminci. Laifin yana wurin sayar da shi da sunan na asali.

Me za a duba a jikin babur kafin a biya?

A fara da firam, musamman wuyan da ke riƙe da kan babur da wurin da inji ke zaune, domin nan ne tsaga ke ɓuya. Metisse da B50 suna ajiye baƙin mai a cikin bututun firam ɗin kansa, don haka danshin mai a bakin walda alama ce ta tsaga, kuma idan an taɓa wanke firam da yashi ba a tsabtace cikinsa sosai ba, ragowar yashin zai bi mai ya cinye inji cikin ɗan lokaci. Tankin faiba na Metisse ba ya jure fetur ɗin zamani mai gaurayen etanol, yakan narke ya toshe kafireta. Sassan da aka yi da magniziyam suna rubewa daga ciki, kuma sukan karye ba gargaɗi. Injunan Ingila da suka daɗe a ajiye sukan tara mai a ƙasan inji, su yi hayaƙi da zarar an tayar, wanda ba lallai ya zama babbar illa ba. A kuma sani cewa giyar waɗannan baburan na Ingila tana ƙafar dama, birkin baya yana hagu, sannan notinsu da yawa na tsohon ma'aunin Ingila ne mai suna Whitworth, sifanar da ake kwance babur ɗin Japan da ita za ta lalata kansu.

A ina ake samunsu?

Kamfanin Bonhams yana gwanjon babura a Stafford ta Ingila, Mecum kuma yana yin nasa a Las Vegas kowace Janairu, sannan akwai bajekolin tsofaffin baburan tsere a Telford a watan Fabrairu, inda ake samun kayan gyara. Sai dai baburan kirki da yawa suna sauya hannu ne a filin tsere tsakanin mutanen da suka san juna, a gasannin AHRMA, ƙungiyar tseren tsofaffin babura ta Amurka, da na ajin baburan kafin 1965 a Ingila. A gwanjo kuma a tuna cewa akwai kamashon da ake ɗora wa mai saye a kan farashin da aka buga, ban da kuɗin jigila da na kwastan.

A gyara shi ya koma sabo fil, ko a bar shi da tabonsa?

Idan babur yana da tarihin tsere da aka tabbatar, ra'ayina shi ne a gyara abin da ya shafi lafiyar inji da birki, a bar fenti da lotsawar tanki yadda suke, domin da su ake gwada shi da tsohon hoto a tabbatar shi ne. Wanda ba shi da irin wannan tarihi, a gyara shi sosai a kai shi fili. Duk sashen asali da aka cire, ko da ya lalace, a sa masa alama a ajiye a akwati, a miƙa shi tare da babur ɗin ranar da za a sayar.