Mene ne zubi a bakin masunta?

Kalmar zubi ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Mai adashe yana zubi, magini yana zubin kankare, masu ƙera tukwanen alminiyam ma da zubi suke ci. Amma idan ka ji ta a bakin mai fatsa a Yelwan Yawuri ko Warra, garuruwan da ke gaɓar tafkin Kainji, abin da yake nufi shi ne a narka dalma, a tsiyaya ta cikin wani rami da aka riga aka fitar wa siffa, a bar ta ta daskare ta ɗauki siffar. Abin da ke ɗauke da wannan rami shi ne mazubi, wasu kuma su ce mol, kamar yadda masu buga bulo ke faɗa.

Iyayenmu sun daɗe suna zubin dalmar da ake jerawa a bakin birgi, wato ragar da ake jefawa a ruwa, don ya nutse da sauri. Wannan ba ya neman wata gwaninta, nauyi kawai ake so. Wanda ya shigo daga baya shi ne zubin koton ƙarya: ɗan kifi na dalma mai ƙugiya a jikinsa, a shafa masa fenti, a jefa shi ana ja a hankali. Tarwaɗa ba ta cika kula shi ba, ita ƙamshi take bi. Giwan ruwa da tsage kuwa mafarauta ne, da sun ga abu yana ƙyalli yana wutsil-wutsil kamar kifin da ya ji ciwo sai su kai masa cafka. Na kanti akwai su, amma da tsada, ga shi tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye gonaki da itatuwa, kututture ya cika ƙarƙashin tafkin. Mutum zai iya barin koto biyu ko uku a can cikin yini ɗaya. Wanda ke da mazubinsa a gida, asarar ba ta kai masa zuci.

A ganina duk aikin zubi a mazubin yake, narka dalma ko yaro zai iya. Ana farawa da samfur, ko dai koton kanti da ya taɓa kamo maka kifi, ko wanda ka sassaƙa da icce ka goge shi sumul. Ka sami ɗan akwati, ko da na kwali ne, ka shimfiɗa yumɓu a ciki, ka danna samfurin har rabinsa ya nutse. A kusurwoyi biyu ka lotsa yumɓun da kan yatsa. Waɗannan ƴan ramukan su ne za su sa ɓari biyu na mazubin su haɗu daidai duk lokacin da aka rufe su. Sai a dama garin POP, irin wanda ake silin da shi, kaurinsa kamar kunu, a zuba a hankali ta gefe, ana ɗan bubbuga akwatin don iska ta fita. Ƙwayar iska ɗaya tak da ta maƙale a jikin samfur, za ta fito a matsayin ƙurji a kan kowane koto da za ka zuba nan gaba. Idan ya kama, a kifa shi, a ɓamɓare yumɓun, a shafe fuskar da basilin ko ruwan sabulu, sannan a zuba ɓari na biyu. Wanda ya manta da shafin nan, dutse guda zai samu da samfurinsa a tsakiya.

Bayan an raba su, da bakin wuƙa ake yanka hanyar da dalma za ta bi, mai faɗi a sama, siririya a ƙasa. Sai a ja wasu ƴan layuka kamar gashi daga wutsiyar kifin zuwa waje, ta nan iska ke gudu idan dalma ta shigo. Haka nan a fitar da gurbin da ƙugiya da zoben waya za su kwanta. A nan ake gane gwani, domin inda zoben ya zauna shi ke nuna yadda koton zai yi iyo. Ya matsa gaba kaɗan ko baya kaɗan, sai ka ga abu yana juyi kamar mazari, kifi ko kallonsa ba zai yi ba.

Daga nan sai jira, kuma a nan yawancinmu muke kasawa. Dalma tana narkewa ne a digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, POP kuwa yakan riƙe ruwa a cikinsa kwanaki bayan fuskarsa ta bushe. Ruwa idan ya zama tururi yana kumbura fiye da sau 1,600. Ina tuna mazubina na farko, kwana biyu kacal da yin sa na ɗauko shi. Kawuna yana gyaran taru a gindin bedi, ya karɓa ya ɗora a kuncinsa, ya ce, "Ɗana, da sauran sanyi a jikinsa. Mai da shi rana." Na ce, "Kawu, ai ya bushe." Bai ƙara magana ba, na bari ya tafi masallaci na hura gawayi. Ina tsiyayawa sai na ji fat, dalma ta yi tsartuwa ta fantsamo mini a bayan hannu, mazubin ya dare gida biyu. Tabon yana nan. Tun daga ranar sai mazubi ya yi mako a rana, in kuma gasa shi a gefen wuta kafin zubi. Wasu kan bi cikinsa da hayaƙin kyandir har ya yi baƙi, dalma ta fi gudu a kai, koton kuma ya fi saurin fita.

Na POP ba ya daɗewa, zafi na cinye gefunansa. Wanda ya sami siffar da ke kama masa kifi gara ya kai wa maƙeri a fitar masa da mazubinta a alminiyam, wanda sai a digiri 660 yake narkewa.

Akwai abin da ba zan iya tsallakewa ba, kuma mu a wannan yanki ba mu da uzurin rashin saninsa. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, gubar dalma ta kashe yara sama da 400, a ƙauyuka irin su Dareta da Ƴargalma. Duwatsun zinariya masu dalma ake niƙawa a tsakar gida, ƙurar ta bi ƙasa, ta bi hannun yara zuwa bakinsu. Dalmar da muke narkawa ita ce wannan dalmar. Duk da haka ina ganin masu fasa tsohon batirin mota a ƙofar gida, su narka a murhun da ake tuwo, su goge koto da magagari garin yana zuba inda jariri ke rarrafe. Wannan yana tayar mini da hankali ƙwarai. Zubi a bayan gari ake yin sa, a sarari, iska na kaɗa hayaƙin nesa da kai. Gwangwanin narki da ludayinsa ba sa komawa madafi, yara da mata masu ciki ba sa zuwa wurin, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci ko goro. Wanda ke da hali ya nemi kuza, tana narkewa a digiri 232. Ba ta kai dalma nauyi ba, don haka sai an ɗan faɗaɗa ramin mazubin kafin koton ya nutse zuwa zurfin da giwan ruwa ke kwanciya.