A ware kafin a fasa: kira ga 'yan gwangwan na Sakkwato

A manyan masana'antun sarrafa matattun kayan lantarki na Turai, kyamara ce ke tantance kaya. Ana zuba su kan bel mai tafiya, kyamara na ɗaukar hoto, kwamfutar da aka horar da dubban hotuna ta gane allon cikin waya, ta gane batir, sai hannun inji ko bututun iska ya tura kowanne mazubinsa. Takan ruɗe idan ƙura ta rufe kaya, ko sun hau kan juna, ko batir ya ɓuya cikin kwanso. Babban abin gudu shi ne batirin litiyam ya faɗa injin niƙa, domin da an huda shi yana iya kama wuta.

A nan Sakkwato idonku ne ke wannan aikin, jikinku kuma ba ƙarfe ba ne.

Ku fara cire batir kafin guduma ta taɓa komai. Na waya da na kwamfuta, a rufe bakinsu da salatif, a sa a bokitin ƙarfe mai yashi, a inuwa, domin zafin Afrilu na wuce digiri 40. Wanda ya kumbura, kada a matsa shi. Wayar wuta a feɗe ta da wuƙa. Ƙona robar na fitar da hayaƙi mai guba, tagullar ma ta yi baƙi. Dogon ƙwan fitila akwai zaiba a ciki, wani sinadari mai guba, a ajiye shi bai fashe ba.

Dalma ce ta fi damunmu. Tana cikin batirin mota da na sola, gilashin babbar talabijin mai ƙeya kuwa yakan ɗauki fiye da kilo 1. Ƙurarta ba ta da wari. Tana bin riga da takalmi har gida, yaro mai rarrafe ya kai ta baki, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, maƙwabtanmu. Don Allah kada a fasa ko a narka batir a gida. A bar kayan aiki a wurin aiki, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a yayyafa ruwa kafin shara.

Yaron da ke yawan ciwon ciki, amai, kasala ko jijjiga, a kai shi asibiti, a gaya wa likita sana'ar mahaifinsa don a gwada jininsa.