Don Allah ku bar nas ta gama rabon magani

Daren jiya ma sai da aka sake yi. An ɗauke wuta, ina riƙe da sirinji ina auna allurar wani yaro da hasken waya, sai wani bawan Allah ya buga teburin magani: "Sista, ruwan Baba ya ƙare!" Ban ko juyo ba wata ta ja hijabina ta baya. Lissafin ya kwance min, dole na zubar da abin da na zuƙa na sake daga farko.

'Yan uwa masu jinya, wallahi mun san halin da kuke ciki. Wanda ya kwana kan tabarma a barandar asibiti, sauro na cizonsa, kuɗin magani sun ƙare, ba a rasa shi da zafin rai. Mu ma muna da iyaye. Amma ku dubi ɗakin nan: gado 30, nas biyu, wani daren ɗaya. Abokan aikinmu da dama sun tafi Ingila da Saudiyya, ba a cike gurbinsu ba. Ƙarancin ma'aikata na cikin dalilan yajin aikin gargaɗi da nas-nas suka shiga a ƙarshen Yulin 2025.

To a haka kuma sai a riƙa katse mu muna tsakar rabon magani? Maganin yaro da nauyinsa ake auna shi. Kira ɗaya ya isa a ba wannan maganin wancan, ko a ninka allura. Sau nawa za mu faɗa? Mutum takwas sun zagaye gado guda da kuloli, ana gaishe-gaishe, waya na ƙara, kowa na "Sista, Sista". Haba jama'a! Wasu har hannu suke sa wa su ƙara gudun ruwa wai ya yi saurin ƙarewa. Ruwan nan in ya yi yawa, a huhu yake taruwa, musamman ga tsoho da jariri.

Abin da muke roƙo:
Mai jinya ɗaya a kowane gado.
'Yan dubiya su zo a lokacin da aka ware.
In kun ga nas da tiren magani, ku jira ta gama.
Kada a taɓa robar ƙarin ruwa.

Amma in numfashi ya sarƙe, ko jijjiga, ko jini na zuba, ko mara lafiya ya daina amsawa, wannan kam ku kira mu da ƙarfi, ko me muke yi za mu ajiye.