Ƙafar Arduino Uno ba soket ba ce: tambayoyin masu haɗa mutum-mutumi

Wuta nawa ƙafa ɗaya (wurin jona waya a allon Arduino Uno, ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa mutum-mutumi) take bayarwa?

20 mA (miliamfiya, ɗaya bisa dubu na amfiya). Wannan 40 mA da ake ta ambato iyakar da ATmega328P, ƙwaƙwalwar allon, ke fara lalacewa ce, ba wurin zama ba ne. Duka ƙafafun a haɗe kuma kada su wuce 200 mA.

Zan iya jona ƙaramin moto kai tsaye a ƙafa?

A'a. Sa tiransisto ko L298N (allon tuƙa moto) a tsakani. Rile (makunnin da wuta ke kunnawa) ma haka, wutar da yake ja ta kai wajen 70 mA, kuma a gicciya masa dayod 1N4007.

To ƙafar 5V fa, nawa zan ja daga cikinta?

Nan ne ake rikicewa, don amsar ta danganta da inda wutar ta shigo. In ta USB ce, akwai fiyus na 500 mA, allon kansa yana cin kusan 50, ragowar ne naka. In ta jak ce (ramin jona batir ko adafta), regileta, wato mai daidaita boltej, ce za ta sauko da ita zuwa 5V, kuma duk rarar zafi take zama. Lissafa: batir 12V, kana jan 300 mA, bambancin 7V sau 0.3, wat 2.1 ke nan a kan ɗan abin da bai kai ƙwayar wake ba. Zai yi zafin da yatsa ba zai zauna ba, ya yanke, ya huce, ya dawo. Da batir 7.4V, wannan nauyin bai kai wat ɗaya ba. Saboda haka a 12V ni ba zan wuce 150 mA ba, a 7.4V ana iya ƙarawa, amma fa in iska na ratsa allon. A rufaffen akwati da rana tsaka, rage. Kada a yi ƙiyasi, a sa mita a tsakanin waya a auna.

Allona yana mutuwa ya tashi da zarar sabo (servo, moton da ke juyawa zuwa kusurwar da aka umarce shi) ya motsa. Ya ƙone ne?

Kwantar da hankalinka, lafiyarsa ƙalau. Ƙaramin sabo irin SG90 in ya cije yana iya jan sama da rabin amfiya, boltej ya faɗi, allon ya sake farawa. Ka ba sabon wutarsa daban ta LM2596 (allon rage boltej) da aka saita a 5V, ka ƙara kafasita 470 µF kusa da shi.

Na raba musu wuta, sabo sai rawa yake.

Ka manta haɗa GND (wayar negatif) ta allon da ta wutar sabon. Kullum sai an faɗa!

Ƙafar 3.3V fa?

50 mA. ESP8266, allon WiFi, ya fi ƙarfinta.