Ɗarikar Anglikan tsakanin Kantabori da Afirka: tambayoyi da amsoshi kan halin da 'yan bishara ke ciki

Cikin shekara guda, daga Nuwamba 2024 zuwa Oktoba 2025, manyan abubuwa uku sun girgiza ɗarikar Anglikan. Babban Bishop na Kantabori a Ingila, Justin Welby, wanda kujerarsa ce ta jagorancin ɗarikar a duniya, ya yi murabus. An zaɓi mace ta farko, Sarah Mullally, domin ta gaje shi. Sannan ƙungiyar GAFCON ta 'yan Anglikan masu ra'ayin mazan jiya, wadda Ikkilisiyar Najeriya ke cikin manyan ginshiƙanta, ta ce ta daina amincewa da jagorancin Kantabori.

Su wane ne 'yan bishara a cikin ɗarikar Anglikan?

Ɗarikar tana da mabiya kimanin miliyan 85 a ƙasashe fiye da 165, kuma tun da daɗewa ta ƙunshi ra'ayoyi uku. Akwai waɗanda sujadarsu ta yi kusa da ta Katolika, akwai masu sassaucin ra'ayi da ke ganin dole koyarwa ta tafi da zamani, sannan akwai 'yan bishara. Su waɗannan na ƙarshe sun tsaya a kan cewa Littafi Mai Tsarki ne ma'auni na ƙarshe a kan kowace koyarwa, cewa ceto ta wurin bangaskiya ga Almasihu yake, kuma cewa wajibi ne kowane mutum ya tuba da kansa, ya kuma kai saƙon ga wasu. Wa'azi ya fi nauyi a wurinsu a kan ado da tsarin sujada. Daga cikinsu ne aka samu William Wilberforce, wanda ya yi gwagwarmayar hana cinikin bayi a majalisar Birtaniya har aka yi dokar 1807, da John Stott, malamin Landan da ya rasu a 2011.

Me ya haɗa wannan da ƙasar Hausa?

Haɗin tsoho ne. 'Yan bisharar Ingila ne suka kafa ƙungiyar mishan ta CMS a 1799, kuma ta hannunta ɗarikar ta shigo Najeriya, inda ta isa Badagry a 1842. A 1864 aka keɓe Samuel Ajayi Crowther a Kantabori, ya zama bishop na farko baƙar fata a ɗarikar. A 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci ayari zuwa Kano, amma Sarki Aliyu Babba bai ba su izinin zama ba. Likita Walter Miller, wanda ke cikin wannan ayari, ya zauna a birnin Zariya daga 1905, daga baya kuma aikin ya koma Wusasa, inda har yau akwai majami'a da asibiti da kwalejin horar da limamai. Miller yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932.

Saboda wannan asali, Ikkilisiyar Najeriya, wadda ta samu 'yancin tafiyar da kanta a 1979, ta tashi ne da ra'ayin 'yan bishara. Mutanen da suka yi aiki a Arewa kuwa suna tsakiyar dambarwar yau. Josiah Idowu-Fearon, tsohon Bishop na Kaduna, shi ne babban sakataren Zumuntar Anglikan ta Duniya daga 2015 zuwa 2022, alhali a wani sashe na wannan lokacin Benjamin Kwashi na Jos yana riƙe da irin wannan muƙami a GAFCON, wato ɗaya ɓangaren. Shugaban Ikkilisiyar Najeriya tun 2020, Henry Ndukuba, ya daɗe yana Bishop na Gombe kafin a zaɓe shi.

Daga ina rikicin ya samo asali?

Kowace shekara goma ko kusa da haka, Babban Bishop na Kantabori kan gayyaci bishop-bishop na duniya zuwa taron Lambeth. A taron 1998 an zartar da ƙuduri, da ƙuri'a 526 a kan 70, cewa aure tsakanin namiji da mace ne, kuma ba za a sa wa haɗuwar masu jinsi ɗaya albarka ba. Ƙudurin ya kuma nemi a saurari irin waɗannan mutane, a kula da su, kada a tsane su, ko da yake wannan rabin ba a cika ambatonsa ba a wuraren da aka fi ƙaunar rabin farko.

Shekara biyar bayan haka, a 2003, Ikkilisiyar Amurka ta keɓe Gene Robinson, wanda ke zaman soyayya da namiji irinsa, a matsayin Bishop na New Hampshire. Shugabannin Afirka da yawa suka sa ido su ga an tsawata wa Amurka, amma tsarin ɗarikar ba shi da wata hukuma da ke da wannan iko, domin kowace ikkilisiya ta ƙasa cin gashin kanta take yi, kuma Babban Bishop na Kantabori jagora ne na girmamawa kawai. A 2005 Najeriya, ƙarƙashin Peter Akinola, ta cire batun zumunci da kujerar Kantabori daga kundin tsarinta. A 2008 aka yi taron GAFCON na farko a Urushalima, da mahalarta fiye da 1,000, aka fitar da sanarwa mai sharuɗɗa 14 wadda ta zama shikashikan ƙungiyar. Bishop-bishop na Najeriya da Yuganda da Ruwanda ba su halarci Lambeth na 2008 ba, haka kuma na 2022.

To, me ya sa abin ya ƙara tsananta yanzu?

Domin wutar ta kai ga uwar ɗarikar, wato Ikkilisiyar Ingila. A Fabrairu 2023 babbar majalisar Ikkilisiyar Ingila ta amince da addu'o'in sa albarka ga ma'aurata masu jinsi ɗaya, duk da ta ce koyarwarta a kan aure ba ta canja ba, kuma an fara amfani da su a Disamba na wannan shekarar. Nan take wata ƙungiyar ta ikkilisiyoyin kudancin duniya, wadda Justin Badi Arama na Sudan ta Kudu ke shugabanta, ta ce ba ta ƙara ɗaukar Welby a matsayin jagora. Taron GAFCON na Kigali, a Afrilu 2023, ya faɗi irin wannan magana. A Yuli 2025 Ikkilisiyar Wales ta zaɓi Cherry Vann, wadda ke zaman soyayya da mace irinta, a matsayin babban bishop, sai Najeriya ta yanke hulɗa da ita. Ranar 3 ga Oktoba aka sanar da sunan Mullally, tsohuwar shugabar ma'aikatan jinya ta Ingila kuma Bishop ta Landan a lokacin, tun 2018, wadda ta jagoranci aikin da ya haifar da waɗancan addu'o'i. Ranar 16 ga watan, shugaban GAFCON, Laurent Mbanda na Ruwanda, ya fitar da sanarwa cewa ƙungiyar ta yi watsi da kujerar Kantabori da taron Lambeth da sauran majalisun haɗin kai, ba za ta halarci tarukansu ba, ba za ta ba su kuɗi ba, kuma ta kira taron bishop-bishop a Abuja a watan Maris 2026 domin tsara sabon shugabanci.

Shin don Mullally mace ce aka ƙi ta?

A wani ɓangare haka ne, amma ba shi ne tushen ba. Najeriya ba ta naɗa mata limamai, don haka mace a kujerar Kantabori abu ne mai wuyar karɓa a gare ta. Sai dai GAFCON kanta bakinta bai zo ɗaya a kan wannan ba: Yuganda da Ruwanda suna da limamai mata, Kenya da Sudan ta Kudu ma har sun keɓe mata bishop. Abin da ya haɗa kansu shi ne batun aure da ikon Littafi Mai Tsarki, kuma ana iya tsammanin batun mata zai dawo ya gwada su a cikin gidansu.

Ke nan ɗarikar ta rabu biyu?

GAFCON ta ce ba ta fita ba, ita ce ma ainihin zumuntar, su ne waɗanda suka sauya koyarwa suka fita. Amma ikkilisiyoyi da dama masu ra'ayin mazan jiya a Afirka da Asiya, ko da yake ba su yarda da Ingila ba, sun fi son su zauna a gyara daga ciki. Akwai ma wata shawara da wani kwamitin ɗarikar ya fitar a Disamba 2024, wadda ake kira ta Nairobi da Alƙahira, da ke neman a rage matsayin Kantabori, a riƙa karɓa-karɓa wajen jagoranci tsakanin yankuna. A ganina wannan amincewa ce da gaskiyar da kowa ya sani, cewa mafi yawan masu zuwa sujada ranar Lahadi a Afirka suke, alhali ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci a Ingila da Wales sun koma kashi 46.2 cikin 100, karo na farko da suka gaza rabi.

Me ya sa Welby ya yi murabus, kuma me ya sa abin ya fi shafar 'yan bishara?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace ciwo, kuma ita ce wadda bai kamata hayaniyar Kantabori ta danne ba. John Smyth babban lauya ne, fitacce a cikin 'yan bisharar Ingila, wanda ya shugabanci wata ƙungiya mai shirya sansanonin hutu na Kirista domin ɗaliban manyan makarantun kwana. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 ya riƙa kai samari wani ɗaki a bayan gidansa yana yi musu bulala har jini ya zuba, yana ce musu horon Allah ne domin wanke zunubi. A 1982 wasu limaman 'yan bishara suka bincika, suka rubuta rahoto da ya tabbatar da abin, amma suka ɓoye shi daga 'yan sanda da yawancin iyaye, domin gudun kada sunan aikin bishara ya ɓaci. A 1984 Smyth ya koma Zimbabuwe ya buɗe wasu sansanoni, inda wani yaro ɗan shekara 16 ya mutu a 1992. Daga nan ya wuce Afirka ta Kudu, ya mutu a 2018 ba tare da kotu ta taɓa hukunta shi ba.

Rahoton binciken da Keith Makin ya jagoranta, wanda ya fito a Nuwamba 2024, ya ce yara da samari fiye da 100 abin ya shafa, kuma ya ga laifin Welby da wasu manya da suka samu labari a 2013 amma ba su bi diddigi yadda ya kamata ba. Ranar 12 ga Nuwamba Welby ya sanar da murabus.

Abin da ya kamata ya tsaya wa mai karatu na Afirka a rai shi ne, an san halin mutumin nan sarai, aka bar shi ya tafi wurin 'ya'yan wasu. Waɗanda suka rufa masa asiri ba masu sassaucin koyarwa ba ne. Mutane ne da suka haddace nassi, suka kuma riƙe koyarwar aure daram. Abin da ya kayar da su shi ne girmama shugaba fiye da kima, da tsoron abin kunya, da ganin cewa yaro ba shi da bakin magana a gaban babba. Duk wanda ya san makarantun kwana na mishan, da sansanonin matasa, da yadda ake jin nauyin rabaran a ƙauyukanmu, ya san cewa waɗannan halaye ba na Turawa kaɗai ba ne. Ikkilisiyar da ke neman jagorantar duniya a kan tsarkin rayuwa tana bukatar rubutacciyar ƙa'idar kare yara a kowace dayosis (yankin da bishop ke kula da shi), da wurin kai ƙara wanda ba ya ƙarƙashin wanda ake ƙara, da shugabannin da za su miƙa mai laifi ga hukuma ko da abokinsu ne.

Yaya 'yan bisharar da ke cikin Ikkilisiyar Ingila suke yi?

Mafi yawansu ba su fita ba. Majami'u irin su Holy Trinity Brompton da ke Landan, inda darussan Alpha na gabatar da bangaskiyar Kirista suka samo asali, suna cikin mafi cika da matasa, kuma su ne ke tura limamai su farfaɗo da majami'un da suka kusa rufewa. Wasu sun buɗe asusu na daban domin kada baikonsu ya shiga hannun bishop ɗin da ba su yarda da koyarwarsa ba. Matsin lambarsu ya yi tasiri, domin a Oktoba 2025 bishop-bishop na Ingila suka yarda cewa ba za a yi sujada ta musamman domin sa wa ma'aurata masu jinsi ɗaya albarka ba sai da rinjayen kashi biyu cikin uku a babbar majalisar ikkilisiyar.

Mene ne ke gaban limami a Arewacin Najeriya a yau?

Ba Kantabori ce damuwarsa ta farko ba. A 1990, zamanin Babban Bishop Joseph Adetiloye, an buɗe sababbin dayosis na mishan a wurare irin su Sakkwato, Katsina, Maiduguri, Bauchi, Yola da Kafanchan, kuma yawancin waɗannan yankuna su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu a hannun Boko Haram da 'yan bindiga. An ƙone majami'u, an sace limamai da iyalansu, jama'a sun watse zuwa birane da sansanonin gudun hijira, kamar yadda abin ya faru da maƙwabtansu Musulmi da masallatansu. Ikkilisiyar ƙauye da manoma ke riƙewa da zakka da baikon kaka ba ta iya biyan katikis, wato mai koyar da addini a majami'a, idan an hana noma, kuma tsadar rayuwa tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 ta ƙara wa abin nauyi.

Ga kuma matasa da ke tafiya majami'un Fentikos saboda kiɗa da alkawarin arziki, wanda ke jefa limami cikin jarrabar ya kwaikwayi wannan wa'azi domin ya riƙe su. Ga ƙarancin littattafan koyarwa masu zurfi da Hausa, alhali da ita ake sujada a ɗaruruwan ƙauyuka daga kudancin Kaduna zuwa Taraba. Bishop-bishop ɗin da ke zuwa manyan taruka a Kigali da Abuja suna da hakkin su tambayi kansu nawa ne daga cikin kuɗi da lokacin da ake kashewa a kan rikicin duniya ke isa ga kwalejin Wusasa, da matan limaman da aka kashe, da yaran da makarantunsu suka rufe.