Sarrafa Kwafar Ƙwayoyin Gado a Jikin Bakteriya

Bakteriya ba ta aiki da duk ƙwayoyin gadonta a lokaci guda. Escherichia coli, wadda ke zaune a hanjin ɗan Adam, tana da ƙwayoyin gado sama da 4,000, amma da yawansu ba a kwafa su daga DNA (ma'ajiyar bayanan gado) zuwa RNA (kwafin da ake karantawa don haɗa furotin) sai buƙatarsu ta taso. Mai kwafar wani enzayim ne, RNA folimares, wanda ba ya gane inda zai fara sai da jagorancin furotin ɗin da ake kira sigma. Sigma 70 ke kula da ayyukan yau da kullum. Idan zafi ya tsananta sai sigma 32 ya yawaita, ya kai enzayim ɗin ga ƙwayoyin gadon da ke kare bakteriyar.

Misalin da ya fi fito da tsarin fili shi ne oferon na lac, wanda François Jacob da Jacques Monod na Cibiyar Pasteur da ke Paris suka bayyana a 1961, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel ta 1965 tare da André Lwoff. Oferon jerin ƙwayoyin gado ne da ake kwafa tare daga mashiga ɗaya, wato wurin da folimares ke kama DNA don fara kwafa. Na lac uku ne: lacZ, lacY da lacA. Furotin ɗin lacY ke shigo da laktos, wato sukarin madara, na lacZ kuma ya farfasa shi. Idan babu laktos, wani furotin mai tarewa kan manne wa DNA daf da mashigar, ya hana kwafa. Da zarar laktos ya shigo, kaɗan daga ciki ya rikiɗe ya zama alolaktos, ya kama mai tarewar, siffarsa ta sauya, sai ya saki DNA ɗin.

Abin burgewar shi ne ɗauke shingen kaɗai bai isa ba, domin bakteriyar ta fi son wani sukarin, wato gulukos. Sai gulukos ya yi ƙaranci sinadarin cAMP ke ƙaruwa, ya haɗu da furotin CAP, su zauna kusa da mashigar su riƙe folimares da kyau. Shi ya sa idan aka zuba mata sukarin biyu tare, takan fara cinye gulukos, ta ɗan dakata da yaɗuwa, sannan ta koma kan laktos.

Oferon na trp, mai ƙwayoyin gado biyar na haɗa sinadarin tiriftofan, ɗaya daga cikin tubalan gina furotin, akasin haka yake tafiya: yawan tiriftofan ne ke sa mai tarewa ya manne. Yana da birki na biyu kuma, wanda Charles Yanofsky ya bayyana. Da yake bakteriya ba ta da ɗakin da ya killace DNA, ribosom, mai haɗa furotin, kan fara karanta RNA tun ana cikin kwafarsa. Idan tiriftofan ya wadata, ribosom ya wuce da sauri, RNA ɗin ya naɗe ya katse kwafar. Idan ya yi ƙaranci, ribosom ya tsaya jiran tiriftofan ɗin da zai yi aiki da shi, naɗin ya sauya, folimares ya ci gaba da aikinsa.