Antibairos biyu ba su fi ɗaya tsaro ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa in aka ɗora wa kwamfuta antibairos biyu, wato manhajojin da ke kare ta daga cutar kwamfuta, an ninka mata kariya. Ba haka ba ne. Kowannensu yana son ya riga ɗan'uwansa duba duk fayil ɗin da aka buɗe, sai su riƙa karo, kwamfutar ta yi nauyi, wani lokacin ma ɗaya ya ɗauki ɗayan a matsayin cuta. Shi ya sa Defender, antibairos ɗin da ke zuwa kyauta cikin Windows 10 da 11, yake ja da baya da kansa da zarar an saka wani.

Abin da ya fi damuna shi ne masu kashe sabuntawar Windows don tattalin data. Cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta ɓarke a Mayun 2017, alhali tun Maris Microsoft ya fitar da gyaran da ke toshe ƙofar da ta bi.